Daga Hasumiyar Makka Zuwa Wuyan Hannu: Abin Da Ke Bai Wa Fuskar Agogo Daraja

Duk maniyyacin da ya shiga birnin Makka daga shekarar 2010 zuwa yau, tun kafin ya kai ƙofar Masallacin Harami idonsa kan faɗa kan wani makeken agogo da ke can ƙololuwar hasumiyar Abraj Al-Bait. Fuskoki huɗu gare shi, kowace tana duban ɓangare guda na birnin, kuma faɗin kowace fuska mita 43 ne. Babu agogon da fuskarsa ta kai wannan girma a duk faɗin duniya. Idan aka kwatanta, fuskar agogon nan na majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan, wanda aka fi sani da Big Ben, faɗinta kimanin mita 7 ne kawai.

A gindin wannan hasumiya, cikin kantunan da ke benayen farko na ginin da kuma sauran kasuwannin birnin, ana baje kolin agogunan hannu waɗanda faɗin fuskarsu bai fi milimita 40 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin dubu na fuskar da ke sama ba. Akwai na 'yan riyaloli, akwai kuma wanda kuɗinsa zai gina gida har ya yi saura. Mahajjata daga Najeriya da Nijar da Gana sun daɗe da sanin wannan ciniki, domin tun shekarun 1970 agogo ya shiga sahun dabino da zamzam da tasbaha da dadduma a cikin tsarabar Makka, kuma ta wannan hanya sunaye irin su Seiko da Rado da Citizen da Orient suka zama sanannu a gidaje da dama na ƙasar Hausa.

To amma me ya raba agogon 'yan riyaloli da na miliyoyi? Faɗin lokaci daidai ba ya cikin amsar. Agogo mai wani, wato wanda ke tafiya da sifirin da haƙoran ƙarfe ba tare da batir ba, idan ya ci jarrabawar hukumar COSC ta ƙasar Suwizalan, an yarda ya yi latti da sakan 4 ko ya yi gaba da sakan 6 a kowace rana. Agogon batir na araha kuwa yakan yi wata guda kuskurensa bai wuce sakan 15 ba. Abin da mai saye ke biya shi ne aikin hannu, kuma wurin da aka fi ganin wannan aiki shi ne fuska. Hausawa dai sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Yadda aka haɗa fuskar agogon Makka

An fara gwajin agogon na Makka ne a farkon watan Ramadan na shekarar 1431 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da watan Agustan 2010, a zamanin Sarki Abdullah bin Abdul'aziz. An kammala ginin, mai tsawon mita 601, a shekarar 2012. Kamfanin Binladin na Saudiyya ne ya yi aikin ginin, yayin da zanen saman hasumiyar ya fito daga ofishin Mahmoud Bodo Rasch, wani Bajamushe masanin zanen gine-gine da ya musulunta, wanda kuma shi ne ya tsara manyan lemomin nan masu buɗewa da rufewa a harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a birnin Madina. Injin da ke juya hannuwan agogon kamfanin Perrot na garin Calw a kudancin Jamus ne ya ƙera shi, kamfanin da ke wannan sana'a ta agogon hasumiya tun shekarar 1860. Su kuwa fuskokin da hannuwan, wani kamfani na Dubai mai suna Premier Composite Technologies ne ya haɗa su. Dogon hannu mai nuna minti ya haura mita 20, saboda haka aka yi shi da zaren kabon, wanda ke da ƙarfi ba tare da nauyi ba.

An lulluɓe fuskokin da kewayensu da ƙananan gutsattsarin gilashi kimanin miliyan 98, aka kuma jera ƙananan fitilu kimanin miliyan 2. A tsakiyar kowace fuska akwai tambarin Saudiyya na bishiyar dabino da takubba biyu, daga sama kuma an rubuta kabbara da kalmar shahada. Zaɓen gilashi yana da dalili: zafin ranar Makka da ƙurarta kan kashe fenti cikin 'yan shekaru, amma launin da ke cikin gilashi ba ya koɗewa. Da rana fuskar fara ce, hannuwanta baƙaƙe. Da dare kuwa sai ta koma koriya, hannuwan su yi fari, yadda mai kallo daga nesa ba zai ruɗe ba.

Ginin bai rasa masu suka ba. Rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da aka yi a 2002 domin samar da filin ya jawo ƙorafi daga gwamnatin Turkiyya, kuma har yanzu akwai masu ganin cewa hasumiyar ta yi wa Ɗakin Ka'aba rumfa fiye da kima. Haka kuma, agogon da wutar lantarki yake aiki, ba ya cikin jinsin masu wani. Duk da haka, matsalar da masu zanensa suka fuskanta ita ce ke gaban duk mai ƙera fuskar agogon hannu: yadda za a haɗa ado da sauƙin karantawa, a kuma yi aikin da zai jure wa shekaru.

Tsohuwar alaƙa da lissafin lokaci

Kula da fuskar abin auna lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Musulmi, kasancewar salloli biyar suna ɗaure da lokaci. Manyan masallatai na da ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, wanda aikinsa shi ne fitar da lokutan salla. Ɗaya daga cikinsu, Ibnu Shaɗir na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, ya zana agogon inuwa a kan dutsen marmara wajen shekarar 1371, da layuka masu nuna lokutan salloli. A ƙarni na 16 kuma Taƙiyyuddin, wanda daga baya ya kafa gidan nazarin taurari a Santambul, ya rubuta littafi a kan ƙera agoguna masu haƙoran ƙarfe.

A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da yankin Hijaz ke ƙarƙashin Turkawa, maƙera a Landan irin su George Prior sun riƙa yin agogunan aljihu musamman domin kasuwannin daular, da fararen fuskoki masu lambobi irin na Turkawa. A Saudiyya kanta, har zuwa shekarar 1968 ana amfani da abin da ake kira lokacin Larabawa, inda ake saita agogo a kan ƙarfe 12 daidai faɗuwar rana. Ke nan kullum a ƙarfe 12 ake kiran Magariba, kuma masu hulɗa da Turawa kan ɗaura agogo biyu ko kuwa agogo mai fuska biyu. Mai son ganin tarihin auna lokaci a yau yana iya hawa gidan kayan tarihin da aka buɗe a 2019 a benaye na can sama na hasumiyar, a bayan fuskokin agogon.

Agogon da ke rubuta lokaci

A cikin agogunan alfarma masu wani, wanda ya fi wahalar da mai zanen fuska shi ne wanda ake kira kuronogiraf. Shi agogo ne da, ban da nuna lokaci, yana iya auna tsawon wani abu da ke gudana, kamar tseren doki ko gudun mota. Ana gane shi da maɓallai biyu a gefe, ɗaya na tayarwa da tsayarwa, ɗaya na mayar da hannu kan sifiri, da kuma ƙananan da'irori biyu ko uku a cikin babbar fuskar.

Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar rubuta lokaci. A shekarar 1821 wani maƙerin agogo na Faransa, Nicolas Rieussec, ya kai wata na'ura filin sukuwa a birnin Paris, wadda ke ɗiga tawada a kan fuska mai juyawa duk lokacin da doki ya ƙetare layi. A 2013 ne aka bayyana wa duniya wata na'urar da Louis Moinet ya ƙera tun 1816 domin nazarin taurari, wadda ta riga ta Rieussec. Kamfanin Longines ya fitar da na ɗaurawa a hannu a 1913, Breitling kuma ya kawo tsarin maɓallai biyu a 1934. Samfurin Speedmaster na Omega, wanda ya fito a 1957, shi ne hukumar NASA ta Amurka ta amince da shi a 1965, kuma shi ne ke hannun Buzz Aldrin lokacin da ya taka duniyar wata a 1969.

Wahalar fuskar kuronogiraf ita ce cunkoso. A fili da bai fi bakin ƙaramin kofin shayi ba, sai an samar wa hannuwa biyar ko shida wuri, ga da'irar ƙirga mintoci, ga ta sa'o'i, ga ta sakan, ga kuma ma'auni a kewaye. Ma'aunin da aka fi sani shi ne na gudu: idan mota ta cinye kilomita ɗaya cikin sakan 30, hannun zai tsaya a kan lamba 120, wato gudun kilomita 120 a sa'a. Akwai kuma na likitoci, mai ƙirga bugun zuciya.

A nan ne masana ke fara gwada ingancin aiki. Injin da ke bugawa sau 18,000 a sa'a yana bugu 5 ke nan a sakan, don haka ya kamata a raba kowane sakan gida 5 a kan fuska. Injin El Primero na kamfanin Zenith, wanda ya fito a 1969, yana bugawa sau 36,000 a sa'a, wato yana iya auna kashi ɗaya cikin goma na sakan. Fuskar da aka zana da ilimi, layukanta kan yi daidai da bugun injin da ke bayanta, kuma tsinin dogon hannu kan kai har kan layin, ya tsaya a kansa cak. Idan hannu ya gaza kai wa layi, ko ya tsaya a tsakanin layuka biyu bayan an mayar da shi sifiri, to akwai sakaci a wani wuri.

Daga faifan tagulla zuwa fuska

Yawancin fuskoki kan fara ne da siririn faifan tagulla, a wasu agogunan kuma na azurfa ko zinariya. Sai an bi matakai da dama kafin ya zama abin kallo. Ana goge shi da buroshin ƙarfe yana juyawa, yadda siraran layuka za su fito daga tsakiya su bazu kamar hasken hantsi. Ana tsoma shi cikin ruwan sinadari mai ɗauke da lantarki domin ya ɗauki launi, sannan a bi shi da man sheƙi, shafi bayan shafi, a ɗakin da ƙura ba ta shiga, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa a jefar da faifan. Su kuwa ƙananan da'irorin kuronogiraf, ana ɗan rarake su su yi ƙasa da sauran fuskar, a zana musu siraran zobba ɗaya cikin ɗaya, domin su karɓi haske dabam, ido ya rarrabe su da sauri.

Rubutu da lambobi ana ɗauko su ne daga farantin ƙarfe da aka sassaƙa, ta hanyar wani tattausan matashi na roba da ke ɗaukar tawada ya ɗora a kan fuskar. A kan maimaita ɗorawar domin rubutun ya yi tudu, kuma dole kowane bugu ya sauka daidai kan na baya. Alamomin sa'o'i a agogon kirki ba a manna su da gam kurum: kowace tana da ƙananan ƙafafu da ake zurawa cikin hudar da ba ta fi kaurin gashi da yawa ba, a danne su ta baya. Hannuwa masu launin shuɗi kuwa, ana samun launin ne ta hanyar gasa ƙarfen har zafinsa ya kai wajen digiri 300. Idan aka ɗauke shi da wuri sai ya tsaya a ruwan ƙasa ko shunayya, idan aka makara kuma shuɗin ya dushe.

Akwai sana'o'i biyu da ake ɗauka su ne ƙololuwa. Ta farko ita ce giyoshe, wato zanen da ake yanka a jikin ƙarfe da wani tsohon inji da ake juyawa da hannu. Hannu ɗaya na juya faifan, ɗayan na danna ruwan wuƙa, layi bayan layi, kuma idan nauyin hannu ya sauya ko kaɗan zurfin layin zai nuna. Abraham-Louis Breguet ne ya shahara da sa wannan zane a fuskar agogo a ƙarshen ƙarni na 18, inda yake bai wa kowane sashe nasa zanen domin rage ƙyalli da sauƙaƙa karatu. Da yawa daga injinan da ake aiki da su a yau sun haura shekara ɗari. Akwai kuma na kwaikwayo, wanda ake bugawa da hatimin ƙarfe lokaci guda. Bambancinsu kamar na aska takwas ɗin da aka yi da allura a Zariya ne da wanda keke ya ɗinka: daga nesa duk ɗaya ne, sai an matso za a ga cewa yankan hannu yana da kaifi yana walƙiya, na hatimi kuwa gefensa a dakushe yake.

Ta biyu ita ce inamel, dangin rufin nan mai sheƙi da ke jikin kwanukan jere na ɗakin amare a da, sai dai wannan ya fi laushin aiki nesa ba kusa ba. Ana barbaɗa garin gilashi a kan faifan jan ƙarfe ko zinariya, a sa a tanderu mai zafin digiri 800 ko fiye, a fitar, a ƙara wani garin, a sake mayarwa, har sau da dama. Ana shafa wa bayan faifan ma, don kada ya lanƙwashe. A kowace shiga wuta fuskar na iya tsagewa ko ta yi ƙuraje, shi ya sa ake asarar da yawa kafin a sami mai kyau. Idan ta kuronogiraf ce, akan gasa ƙananan da'irorin dabam, a yanke gurbinsu a babban faifan, sannan a haɗa. Ladan wahalar shi ne launin ba ya koɗewa: fararen fuskokin da aka yi wa kasuwannin Turkawa shekaru 200 da suka wuce suna nan da haskensu. Hikimar da ta sa aka lulluɓe agogon Makka da gilashi ke nan.

Matsayin masu wannan sana'a ya fito fili a 1932, lokacin da kamfanin Patek Philippe na birnin Janiba ya shiga matsin tattalin arziki. Waɗanda suka saye shi su ne 'yan uwan nan biyu, Charles da Jean Stern, masu masana'antar da ke yi masa fuskoki, kuma har yau kamfanin na hannun zuriyarsu.

Aikin da ke ɓoye a baya

Mai sayen babbar riga da ya san abin da yake yi yakan juya cikinta ya dubi bayan ɗinki. Haka abin yake ga agogo, musamman yanzu da akasarin na alfarma ke da gilashi a baya. Injin kuronogiraf na ɗauke da ƙananan sassa ɗari biyu zuwa sama, kuma a nan ake ganin aikin ƙarshe da aka yi wa kowane. Ana yi wa faffaɗan sassa ratsi-ratsi da ake kira ratsin Janiba, a yi wa na ƙasa ƙananan zobba masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Sassan ƙarfe kuma akan goge su har su zama kamar madubi, yadda idan aka karkata su sai su koma baƙi ƙirin.

Abin da masana suka fi dubawa shi ne gefen kowane sashe, wanda ake dashewa da magagari sannan a goge shi ya yi sheƙi. Inji na iya yin wannan a miƙaƙƙen gefe ko mai lanƙwasa, amma inda gefe biyu suka haɗu suka yi lungu mai kaifi ta ciki, bakin inji mai juyawa ba ya iya shiga, sai dai hannu. Don haka ƙirga irin waɗannan lunguna hanya ce ta sanin yawan sa'o'in da ɗan Adam ya ɓata a kan agogon. Philippe Dufour, wani maƙeri mai zaman kansa a kwarin Joux na Suwizalan wanda ake yi wa kallon uba a wannan fanni, da itacen wani tsiro na tsaunukan yankinsu yake yin gugar ƙarshe. Birnin Janiba ya kafa dokar hatiminsa na inganci tun 1886, kuma fitowar samfurin Datograph na kamfanin A. Lange & Söhne na garin Glashütte a Jamus a 1999 ta sa kamfanonin Suwizalan da dama sake duba nasu injinan.

Fuskar da ta fi zinariya tsada

Kasuwar gwanjo ta sha nuna cewa nauyin zinariya ba shi ne ma'aunin daraja ba. A watan Oktoban 2017 aka sayar da agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman a birnin New York a kan dala miliyan 17.8. Na ƙarfe ne, kuma a shekarun 1960 kuɗin irinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Sunan mai shi ya taimaka ƙwarai, amma ko waɗanda ba nasa ba, muddin suna ɗauke da irin wannan fuska da kamfanin Singer ya yi, mai salon lambobi na dabam da ƙananan murabba'ai a cikin da'irorin, sukan ninka na yau da kullum tsada, alhali injinsu ɗaya ne. Abin mamaki, a wancan zamani masu saye gudun wannan fuska suke yi. A 2016 kuma an sayar da kuronogiraf na Patek Philippe samfurin 1518 a Janiba a kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 11. Shi ma na ƙarfe ne, ɗaya daga cikin huɗu kacal da aka sani.

Ƙasashen Larabawa na da nasu babi a wannan tarihi. A shekarun 1950 Patek Philippe ya yi agoguna masu hoton Sarki Sa'ud na Saudiyya a kan fuskar inamel. Sarkin Oman, Sultan Qabus, wanda ya yi mulki daga 1970 zuwa 2020, ya riƙa yin odar agoguna masu tambarin wuƙar hanjar ta ƙasarsa ta hannun kantin Asprey na Landan, yana rabawa kyauta, kuma a yau masu tara agoguna na rububinsu. Rolex ya yi wa kasuwar yankin Daytona na ƙarfen filatinam mai lambobin Larabci. Kasancewar jumhurun malamai sun haramta wa maza sa zinariya, ƙarfe da filatinam na da kasuwa ta musamman a tsakanin Musulmi. Agogon da kamfanin Parmigiani Fleurier ya fitar a 2019 mai bin kalandar Hijira, wanda ya ci lambar yabo a Janiba a 2020, da filatinam aka yi jikinsa, kuma sunayen watanni da rubutun Larabci suke.

Sana'ar da ta kusa ɓacewa

Saura ƙiris duk wannan ilimi ya salwanta. A ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwaz. Cikin shekaru kaɗan kasuwa ta juya. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, sun ragu zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. An rufe masana'antu, an sayar da injina a matsayin tarkacen ƙarfe.

A 1975 masu kamfanin Zenith na lokacin, waɗanda Amurkawa ne, suka ba da umarnin a daina yin agoguna masu wani. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya kwashe kayan ƙera El Primero da zane-zanensa, ya ɓoye su a saman rufin masana'antar. Da kasuwa ta farfaɗo aka fito da su, har Rolex ya yi amfani da wannan inji a cikin Daytona daga 1988 zuwa 2000. A watan Disamban 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'ar ƙera agogo mai wani ta yankin iyakar Suwizalan da Faransa cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Har yanzu dai masu iya giyoshe da inamel da hannu ba su da yawa, kuma koyon kowace sana'ar na cin shekaru.

Abin lura ga mai saye

A duk inda jama'a suka taru da kuɗi a hannu da ƙarancin lokaci, kamar yadda ake yi a kasuwannin Makka da Jidda lokacin aikin Hajji da Umra, jabun kaya ba sa rasa shiga, kuma masu yin jabun sun ƙware wajen kwaikwayon suna da siffa. Inda suka fi kasawa shi ne aikin ƙarshe. Ɗan madubin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido ya isa ya tona asiri: rubutu mai gefe kaca-kaca, alamar sa'a da ta karkace, ƙura a ƙarƙashin gilashi, ko ƙananan da'irorin da aka zana don ado kawai, maɓallai ba sa motsa hannuwansu. Takardun shaida da sayen kaya daga dillalin da kamfani ya amince da shi su ne kariya ta farko. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado.

Ga wanda ya gaji tsohon agogo daga mahaifin da ya sauke farali shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, akwai wani abin kiyayewa. Sau da yawa akan kai irin wannan agogo wurin mai gyara a ce ya sabunta fuskar da fenti, alhali a idon masana sake fenti na zubar da mafi yawan darajarsa. Baƙar fuskar da rana ta mayar ruwan ƙasa a tsawon shekaru ma suna gare ta a kasuwar gwanjo, kuma sau da yawa takan fi wadda ba ta sauya ba tsada. Inji yana bukatar wanki da sabon mai bayan 'yan shekaru, amma fuska an fi so a bar ta yadda take.

Akwai malamai da sauran jama'a da ke ganin kashe dukiya mai yawa a kan agogo almubazzaranci ne, musamman a garin da attajiri da talaka ke tsayawa sahu ɗaya cikin harami iri ɗaya, kuma wannan magana tana da nauyinta. Sai dai gane kyakkyawan aiki bai wajabta mallakarsa ba. Idon da ya saba rarrabe zayyanar Alƙur'ani rubutun hannu da ta bugun inji, ko hular da aka yi wata uku ana ɗinkawa da wadda aka gama a yini guda, ba zai sha wahalar koyon karanta fuskar agogo ba. Wanda ya koya kuwa, ko da Seiko na tsaraba ya tsaya saye, zai san abin da ya biya kuɗinsa a kai.